Simaku Mai Mashi

Ya ku jikokina, da ku da abokanku masu taruwa a zaurena bayan isha'i, Allah ya yi muku albarka. Daren jiya da aka ɗauke wuta na ga kun fito da tabarmi tsakar gida saboda zafi, kowa ya kwanta rigingine, fuskar kowa na ƙyalli da hasken wayarsa. Ruwan farko da aka yi shekaranjiya ya wanke sama tas, ba ƙura ba gajimare, amma ban ga wanda ya ɗaga ido ba a cikinku. Na yi shiru a lokacin don ba na son katse muku hira, kuma irin wannan magana ta fi kyau a natse. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da hantsin nan. Roƙona ƙarami ne: ku ba ni dare ɗaya in haɗa ku da tauraro ɗaya tak.

Ina da kamar shekara goma lokacin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya nuna mini shi. A bazara ne, mun hau saman soro kwana kamar yadda kowa ke yi a garinmu in zafi ya tsananta. Manomi ne shi, amma ya yi karatun zaure, ya san manzilolin wata 28 da malamanmu ke lissafin shekara da su, kowane manzili kwana 13. Yana cikin cin goro sai ya miƙa hannu gabas ya ce, "Yaro, duba can. Wane launi ka gani?" Na ce fari, ai duk taurari farare ne. Bai ce na yi kuskure ba. Ya jawo fitilar ƙwai kusa, ya nuna mini ɓarin goron da ya gatsa, wurin da ya riga ya rine, sannan ya rage lagwani har ta kusa mutuwa, ya ce in jira idona ya huta in sake dubawa. Da na sake ɗaga kai sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tauraron nan ruwan goro ne, kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Ya ce, "Simaku ke nan, mai mashi. Ka riƙe shi." Na riƙe shi kuwa. Mahaifina ya daɗe a ƙasa, soron nan ma ya rushe an yi ginin bulo a wurin, amma duk bazara in na ga Simaku ya ɓullo sai in ji ƙanshin goron nan.

Larabawa ne suka raɗa masa suna Assimakur Ramihu, wato Simaku mai mashi, domin akwai ƙananan taurari kusa da shi da suka ɗauka kamar mashi ne yake riƙe da shi. Yana da ɗan'uwa ta kudu da ake ce wa Assimakul A'azalu, Simaku marar makami, shi kuwa yana tsaye ba kowa a gefensa, kuma shi ne manzili na 14 cikin manzilolin wata. Turawa suna kiran mai mashin Akturus, sunan da suka gada daga Girkawa, ma'anarsa mai gadin dabbar nan beyar. A ƙasashensu tauraron lokacin ɗumi ne, sa'ad da sanyi ya wuce. A wurinmu kuwa yana fara bayyana da dare cikin Maris, ya raka mu bazara duka, ya shiga damina tare da mu.

Ga yadda za ku same shi. Ku juya arewa bayan isha'i, za ku ga taurari bakwai masu haske sun yi siffar ludayi: huɗu su ne kan ludayin, uku su ne mariƙinsa, mariƙin kuma a lanƙwashe yake. Larabawa na ce musu Banatu Na'ashi, huɗun makara, ukun 'yan mata masu binta a baya. Ku bi lanƙwasar mariƙin da ido, ku ci gaba da ita bayan taurarin sun ƙare. Ku miƙe hannu sosai ku dunƙule shi, ku auna dunƙule uku daga tauraron ƙarshe, za ku faɗa kan wani tauraro da ya fi duk na kewayensa haske. Shi ne. In kuka ƙara dunƙule uku a kan wannan lanƙwasa, kun isa ga ɗan'uwansa marar makami. A tsakiyar Mayun nan da muke ciki, da ƙarfe takwas da rabi ya riga ya wuce rabin hanya tsakanin gabas da tsakar ka. Cikin Yuni, wajen tara da rabi, yana bisa kanku, ya ɗan karkata arewa kaɗan. Zuwa Agusta sai ku neme shi ta yamma, a Oktoba ya ɓace cikin hasken rana, sai kuma Nuwamba masu fita sallar asuba su gan shi ta gabas.

Kada ku rikita shi da wani jan tauraro da ke fitowa ta kudu maso gabas a wannan lokacin, a tsakiyar jerin taurarin da suka yi siffar kunama da ƙarinta. Wancan shi ne Zuciyar Kunama, Ƙalbul Aƙrabi, ya fi Simaku ja amma bai kai shi haske ba. Tunda kuma na ambaci kunama, ku kakkaɓe tabarma kafin ku kwanta, kun san halin bazara.

Abu ɗaya ne zai yi muku wuya, shi ne haƙurin barin waya. Ido na bukatar kamar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallo ɗaya na fuskar waya ya isa ya mai da ku farko. Na san akwai manhajojin da ake ɗaga waya sama su faɗi sunan kowane tauraro, kuma ban hana ku su ba, suna da amfani. Amma ku fara nemansa da idonku, ku ɓace, ku sake nema, sai kun same shi sannan ku tambayi waya ko kun yi daidai. Wanda aka ɗauka a mota aka kai shi gida ba ya gane hanya kamar wanda ya taka da ƙafa yana tambaya.

Yanzu bari mu zauna a kan launin nan, don a nan ne zancen yake da daɗi. In kun samu Simaku biyun, ku riƙa mai da ido daga wannan zuwa wancan. Mai mashi ruwan goro, marar makami fari sol har yana ɗaukar shuɗi. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san dalili ko da ba a gaya masa ba. Maƙeri ya sa ƙarfe a wuta, ɗan zuga na zuga, ƙarfen ya fara yin ja mai duhu, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, in wuta ta kai matuƙa ya yi fari. Maƙeri ba ya da ma'aunin zafi, launi ne ke gaya masa lokacin da zai ciro ƙarfe ya ɗora a kan uwar maƙera. Haka masana suke karanta zafin taurari. Fuskar ranarmu tana da zafin kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos. Ta Simaku marar makami ta haura digiri 20,000. Ta mai mashi kuwa kusan 4,000 ce kawai. Wato wannan da kuke gani kamar garwashi, wanda yaro zai zata ya fi kowa zafi, ya fi rana sanyin fuska.

To in ya fi rana sanyi, me ya sa yake da haske haka? Girma ne. Faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 25. In kuka ɗauki rana a matsayin lemun tsami, to shi randa ce babba, mai faɗin mita ɗaya. Kowane yanki na fuskarsa bai kai yankin rana mai girma ɗaya da shi haske ba, amma fuskar ta ninka ta rana fiye da sau 600, don haka in an haɗa duka yana fitar da hasken da ya kai na rana kusan sau 170. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne nauyinsa bai fi na rana da wani abin kirki ba. Kayan jikinsu kusan ɗaya ne, shi dai ya kumbura ne.

Kumburin nan kuwa na tsufa ne. Tauraro irin rana yana rayuwa ne da wani makamashi da ke can cikin cibiyarsa, inda tsananin zafi da matsi ke haɗa ƙwayoyin haidurojin su zama hiliyom, haɗuwar tasu ta ba da haske da zafi. Muddin wannan na gudana, tauraro na nan daidai, bai ƙaru ba bai ragu ba, shekaru biliyoyi. Ranar da haidurojin na cibiya ya ƙare, sai cibiyar ta tsuke ta ƙara zafi, wutar ta koma cin abin da ke kewaye da ita, sassan waje kuma su buɗe su yi ta faɗaɗa. Da suka faɗaɗa sai suka huce, da suka huce sai launi ya sauko daga fari-fari zuwa ruwan goro. Masana sun ƙiyasta shekarun Simaku mai mashi da kusan biliyan 7, ranarmu kuwa biliyan 4.6. Ya riga ta a hanya ne kawai. Lissafinsu ya nuna nan da kamar shekara biliyan 5 ita ma za ta bi wannan tafarki, in Allah ya bar ta zuwa lokacin. Saboda haka in kun dube shi, kuna kallon kamannin da rana za ta yi ne a tsufanta.

Ni da na kai inda na kai, wannan ne ya fi taɓa ni a cikin labarinsa. Tun ina saurayi nake karanta wannan bayani, amma sai da furfura ta cika mini kai na fahimce shi da zuciya. Rana da kuke gani kullum, wadda manomi ke tashi da ita, mai shanya ke dogaro da ita, ita ma halitta ce mai farko da ƙarshe, tana da ƙuruciya tana da tsufa. Ba na gaya muku wannan don ku ji tsoro. Ni natsuwa yake sa mini, kuma ina so ku ɗanɗani irin wannan natsuwa tun kuna da sauran ƙarfi, lokacin da jarrabawa ko rashin aiki ko maganar da wani ya rubuta a kanku a Facebook ta cika muku ƙirji har kuka ga kamar duniya ta ƙare.

Sai nisansa. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan yana ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Daga Simaku mai mashi kuwa sai ya yi kusan shekara 37 a hanya, tafiyar kimanin kilomita tiriliyan 350. Hasken da zai shiga idonku yau da dare ya baro gida tun iyayenku na 'yan makaranta, ya yi ta tafiya ana ɗaura aure, ana haihuwarku, ana yaye ku, sai yau ya iso. Duk da haka a cikin taurari maƙwabci ne na kusa. Ɗan'uwansa marar makami tafiyar shekara 250 ne, Zuciyar Kunama kuwa ta haura 500.

A 1933 mutanen birnin Shikago na Amurka sun yi wani abu da wannan lissafi. Sun shirya babban bajekolin duniya, kuma shekara 40 ke nan da wanda suka yi a 1893. A wancan lokacin ana zaton nisan tauraron shekara 40 ne cif, sai suka ce bari hasken da ya taso lokacin bajekolin farko ya zama shi zai kunna fitilun na biyu. Aka tara haskensa da madubin hangen nesa a gidajen nazarin taurari, aka mai da shi siginar lantarki, aka aika ta waya, fitilu suka kama. Daga baya awo mafi inganci ya nuna shekarun ba su kai 40 ba. Masana suka gyara lissafi suka ci gaba, ba wanda ya ɗauki gyaran abin kunya. Ina so ku koyi wannan hali a karatunku.

Akwai kuma wani labari da na fi so. In kun dubi Simaku bana, kuka dube shi baɗi, kuka dube shi kuna da jikoki, za ku rantse bai motsa daga cikin 'yan'uwansa ba. Alhali gudu yake yi, kimanin kilomita 122 a daƙiƙa in an auna shi da rana, wato Kano zuwa Kaduna kafin ku ƙirga biyu. Nisa ne ya ɓoye gudun, har sai ya shekara kusan 800 kafin ya gusa da faɗin wata ɗaya a idonmu. Ba mutumin da zai rayu ya ga wannan. To yaya aka gane? Rubutu ne. Masanan Girka na dā sun auna wuraren taurari, Batlamiyus ya tattara su a littafinsa a Iskandariya cikin ƙarni na 2. Malaman Musulmi suka karɓa suka fassara suka sake dubawa, cikinsu har da Abdurrahman Assufi, mutumin Farisa, wanda ya kammala littafinsa na siffofin taurari a shekarar 964. A 1718 wani Bature ɗan Ingila, Edmond Halley, ya gwada awon mutanen dā da na zamaninsa, ya ga Simaku mai mashi da wasu taurari masu haske sun bar inda aka rubuta su, namu ya gusa fiye da faɗin wata. Mutumin da ya zauna cikin dare shekara dubu da ɗaruruwa kafin Halley, ya auna a hankali ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, bai san wa zai amfana ba. Da ya yi ha'inci ko ya yi kasala ya cika lambobi da ka, da aikin ya lalace.

Don haka ku samu ɗan littafi na awo. Ku zaɓi wuri ɗaya a tsakar gida ku riƙa tsayawa a nan, ku zaɓi alama, ko kan katanga ko reshen darbejiyar nan. Ku rubuta ƙarfe nawa Simaku ya hau kan alamar. Bayan mako guda ku sake, za ku tarar ya riga lokacinsa da kusan rabin sa'a, domin kullum taurari na rigan jiya da kimanin minti 4. A wata guda sa'a biyu ke nan, a shekara ya zagayo ya dawo inda ya fara. Wannan ita ce shaidar zagayen da duniyarmu ke yi wa rana, kuma za ku same ta da agogo da fensir, ba tare da kowa ya ce ku haddace ba. Gani ya kori ji.

Ku kuma gode wa Allah da inda ya ajiye ku. In aka cire rana, aka cire irin su Zara matar wata, waɗanda duniyoyi ne masu aron hasken rana, taurarin da suka fi haske huɗu ne: Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, sai Suhailu, sai wani na can kudu da ake kira Alfa Sentauri, sai Simaku mai mashi na huɗu, kuma shi ne kan gaba a duk rabin sama na arewa. Mu a nan muna iya ganin huɗun duka a dare ɗaya cikin Afrilu. Mutumin Landan, komai kuɗinsa komai madubinsa, ba zai ga Suhailu da Alfa Sentauri daga gidansa ba, don ba sa hawowa sararinsa.

Mahaifina ya koya mini wani amfaninsa da na tabbatar daga baya da lissafi. A Kano da kewayenta, inda Simaku mai mashi ke ɓullowa, gabas da ɗan karkata arewa, kusan nan ne alƙibla, kuma a sa'o'insa na farko yana hawa ba ya kauce mata da yawa. Wanda dare ya yi masa a daji cikin Maris ko Afrilu, ba masallaci ba waya, ya ga Simaku na tasowa, ya samu abin fuskanta. Mutanen tsibiran Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik, su kuma a bisa kansu yake wucewa, sai matuƙan jiragen ruwansu suka mai da shi alamar gida, suna kiransa Hokule'a. A 1975 aka ƙera jirgi irin na kakanninsu aka sa masa wannan suna, a 1976 kuma wani gwanin matuƙi, Mau Piailug, ya kai shi Tahiti, tafiyar kusan kilomita 4,000, ba tare da na'urar nuna hanya ba, sai taurari da iska da igiyar ruwa.

A nan zan ja kunnenku kaɗan, a hankali. Sanin taurari don gane lokaci da hanya da girman halitta abu ne mai kyau da magabatanmu suka yi. Amma akwai masu cewa tauraronka ne ya hana ka aure, ko watan haihuwarka ne ya sa kake da zafin rai, ko a ba su kuɗi su duba maka tauraro, kuma yanzu abin ya shigo har cikin wayoyinku da ado. Kun dai ji mene ne Simaku: dunƙulen wuta ne mai tsufa, yana can nisan shekara 37 na tafiyar haske, bai san sunan kowa ba, shi kansa bin umarni yake yi. Mahaifina da ya haddace manzilolin nan duka bai taɓa tambayar tauraro ko zai samu amfanin gona ba. Yakan duba ya san damina ta matso, ya gyara garma, ya kai taki, ya roƙi Allah.

Yau da dare, in gajimare bai taso ba, bayan isha'i zan sa a shimfiɗa babbar tabarma a saman bene. Ku tara wayoyinku a kwanon nan na zaure, ba abin da zai same su. Ku taho da ƙannenku mata, kada ku bar su a ɗaki, idonsu ya fi na kowa kaifi. Ɗaya daga cikinku ya zo ya riƙe mini hannu a matakala, gwiwar nan ba ta son hawa. Idona ya yi rauni, ƙananan taurarin da ke zaman mashinsa sun daina bayyana mini tun bara waccan, amma shi ina ganinsa sarai. Zan nuna muku shi, ku kuma ku gaya mini ko mashin na nan. Zan taho da goro.